Fentin yaudara a jikin jiragen yaƙi: tambayoyin da ake yi mini a fada

Maganar ta taso ne a fadarmu ta hira da shan shayi da ke unguwar Birni a Damagaram, ranar da wani ƙanenmu ya nuna hoton jirgin yaƙin Kanada a wayarsa. A ƙarƙashin jirgin, daidai ƙasan hanci, akwai wani abu baƙi mai kama da rumfar gilashin da matuƙi ke zama ciki. Wani ya ce da kwamfuta aka haɗa hoton. Wani ya rantse cewa matuƙa biyu ne, ɗaya a sama ɗaya a ƙasa. Har shayi na uku ya huce ba a rabu ba. Ni kuwa tun ina ɗan lakwal nake bin labarin jiragen sama, duk ƙarar da ta taso daga wajen filin jirgi sai na fito na ɗaga kai. Shi ya sa na tattara tambayoyin da ƴan uwa suka yi ta yi mini tun daga ranar, na amsa su a nan.

Yaya, wai da gaske ne ana zana rumfar matuƙi ta ƙarya a ƙarƙashin jirgi?

Da gaske ne, kuma fenti ne kawai, babu gilashi babu mutum. Jiragen CF-18 na Kanada, waɗanda suka fara aiki a 1982, suna ɗauke da wannan zane a tumbinsu: siffar rumfar matuƙi, da launi mai duhu, daidai saitin rumfar gaskiya da ke sama. Jirgin A-10 na Amurka ma an yi masa, haka jiragen Gripen na ƙasar Hangari. Wanda ya fito da dabarar wani mai zane ne Ba'amurke, Keith Ferris, da ya yi rayuwarsa yana zana jiragen sama, ya kuma yi wa dabarar rajista da sunansa a cikin shekarun 1970. Abin yana burge ni matuƙa, domin ba injiniya ba ne ya gano ta. Mutum ne da sana'arsa ta koya masa inda idon ɗan Adam yake yin kuskure.

To, wane amfani wannan zane yake yi wa matuƙi?

A nan ne gundarin maganar take, sai a yi mini haƙuri in ɗan daɗe a kai.

Jirgin sama ba ya kwana kamar mota. Mai mota sitiyari yake murzawa. Matuƙin jirgi kuwa sai ya fara kishingiɗar da jirgin a kan fiffike ɗaya, sannan ya jawo sandar tuƙi zuwa ƙirjinsa. Da ya ja, hancin jirgin zai nufi ɓangaren da kan matuƙin yake kallo, wato ɓangaren rumfa. Ke nan rumfar ita ce take tona asirin niyyarsa. Idan kana fafatawa da wani jirgi, ya kishingiɗa, ka hango rumfarsa tana fuskantarka, to kanka zai juyo. Idan tumbinsa ka gani, baya ya ba ka, gudu yake nema ko wani wuri ya nufa. Kamar ɗan kokowa ne a fili: ba fuskar abokin karawarsa kaɗai yake kallo ba, kafaɗa da ƙafa yake karantawa don ya san ta inda kamu zai zo.

Yanzu ka ɗauka jirgin yana da rumfa sama da ƙasa. Daga nesa, cikin hazo, wuyanka a murɗe kana leƙen baya, nauyin juyi yana danne ka har ninki bakwai ko tara na nauyin jikinka, sai ka ga tabo mai duhu a gaban jirgin. Gabansa ne ko bayansa? Kafin ƙwaƙwalwarka ta yanke hukunci daƙiƙa ɗaya ta wuce. Jirgin da ke gudun kilomita 900 a awa yana cin mita 250 a daƙiƙa guda. Idan biyu ne suka tunkari juna, tazarar da ke tsakaninsu tana raguwa da mita 500 kowace daƙiƙa. Jirgi irin F-16 kuma yana iya juya hancinsa kusan digiri 20 a wannan ɗan lokaci. Wanda ya yi jinkiri, ko ya juya ɓangaren da bai dace ba, sai ya tsinci abokin gaba a bayansa, inda ba ya so.

Na gwada abin da hannuna. Na sa yaran gidanmu suka ƙera mini jirgin karan dawa irin wanda muka saba yi muna yara, na shafe shi da toka da aka dama da ƙaro, na ɗauki gawayi na yi masa tabo ɗaya a sama, ɗaya a ƙasa. Na ba ɗan wana ya hau kan dutsen da ke bayan unguwarmu da maraice, ya ɗaure shi a sanda yana jujjuyawa. Daga taku goma kowa ya gane sama da ƙasa. Da muka ja baya sosai, rana kuma tana bayansa, sai musu ya kaure, wannan ya ce ya kife, wancan ya ce bai kife ba. A ƙarshe kowa yana ganewa, amma sai ya ɗan tsaya ya ƙura ido. Wannan ɗan tsayawar ita ce duk abin da fentin yake saye. Ba layar zana ba ne, jirgin ba ya ɓacewa.

Ashe ba duka ɓad-da-kama ba ne irin kakin soja?

Hanya biyu ce. Akwai fentin sajewa, wanda burinsa kada a gan ka. Akwai fentin ruɗarwa, wanda ya yarda za a gan ka, amma yana so a yi maka mummunar fahimta. Tsofaffin maharbanmu sun san bambancin tun kafin a ƙera jirgi. Maharbin da ya laɓe a bayan sabara sajewa ya yi. Wanda ya ɗaura kan burtu a goshinsa, ya lulluɓa da baƙin zane, yana rarrafe yana gyaɗa kai kamar tsuntsun yana kiwo, shi barewa tana kallonsa ƙuru-ƙuru, amma burtu take gani.

A yaƙin zamani, jiragen ruwa ne suka fara cin moriyar hanya ta biyu. A 1917, lokacin da jiragen ƙarƙashin ruwa na Jamus suka addabi Ingila, wani mai zane Bature, Norman Wilkinson, ya ce ba yadda za a ɓoye ƙaton jirgi mai hayaƙi a tsakiyar teku. Sai ya ba da shawarar a yi masa manyan ratsi-ratsi masu karo da juna, baƙi da fari da shuɗi, yadda mai leƙe daga nesa zai kasa sanin ina gaba ina baya, balle ya ƙiyasta gudunsa. An yi wa dubban jirage haka. A 1940 sojan ruwan Amurka suka gwada makamancin wannan a kan jiragen sama, da zanen wani mai suna McClelland Barclay, amma ba a ga fa'idarsa ba, aka bar shi. Dalili a fili yake: daga nesa launuka masu yawa narkewa suke yi su zama ɗigo ɗaya mai duhu, daga kusa kuma fiffike da jela sun riga sun bayyana komai. Hikimar rumfar ƙarya ita ce ba ta yi ƙoƙarin ruɗa komai da komai ba. Tambaya ɗaya tak ta dagula, wadda matuƙi ya fi bukatar amsarta.

Me ya sa kusan duk jiragen yaƙi na yanzu ruwan toka ne?

Mu mutanen Damagaram ba ma bukatar dogon bayani a kan wannan. Ka tsaya a kan dutse a watan Janairu, lokacin da hazo ya sauka, ka dubi garin. Ginin ja, bishiyar kore, motar shuɗiya, duk wanda ya yi nisa toka-toka yake komawa. Iska da ƙura da tururin ruwa suna wanke launi daga duk abin da ke nesa. Saboda haka launin da ya fi sajewa da sararin sama a yawancin lokuta shi ne ruwan toka marar sheƙi. Amurkawa sun fara yi wa F-15 shuɗi mai haske a farkon shekarun 1970, ba a jima ba suka koma ruwan toka kala biyu. A 1982, lokacin yaƙin tsibiran Fokland, jiragen Sea Harrier na Ingila sun bar gida da farin tumbi, a kan hanya cikin teku aka bi su da buroshi aka shafe farin, har da farin da ke cikin tambarin ƙasa.

Akwai kuma dabarar da aka kwaikwayo daga halittun Allah. Ka dubi barewa: bayanta ja-ja, cikinta fari. Rana tana haska baya, ciki yana cikin inuwa, sai duhun sama da farin ƙasa su daidaita hasken, dabbar ta zama kamar shafaffe, babu tudu babu kwari. Wani mai zane, Abbott Thayer, ya bayyana wannan a 1896. A jikin jirgi, ana sa toka mai duhu a wuraren da rana ke bugawa, mai haske kuma a lungunan da inuwa ke taruwa, kamar ƙarƙashin fiffike da gefen bakin injin.

Shi kansa idon mutum yana da rauni. Wurin da yake gani tar-tar bai wuce faɗin babban yatsa ba idan ka miƙa hannunka. Idan kuma ba abin da zai kama a sararin sama, sai ya saki jiki ya tsaya a kan tazarar ƴan mitoci kaɗan, matuƙi yana zaton nesa yake dubawa alhali ba haka ba ne. Shi ya sa ake koya musu duba sama yanki-yanki.

An ce akwai jirgin yaƙi mai ruwan hoda. Ba zolaya ba ce?

Ba zolaya ba ce. A yaƙin duniya na biyu Ingila ta yi wa wasu jiragen Spitfire masu ɗaukar hoto fenti ruwan hoda mai haske, domin suna tashi ƙasa-ƙasa, a ƙarƙashin gajimare, da asuba ko da faɗuwar rana, lokacin da gajimaren ke ɗaukar wannan launi. A yaƙin Tekun Fasha na 1991 ma jiragensu na Tornado da Jaguar sun sha wani fenti mai launin rairayi da ya karkata ga ruwan hoda. Duk wanda ya bi hanyar Tanut da hantsi ya san ƙasa tana yin wannan kala.

Faransawa kuwa suna da nasu na Afirka, ruwan ƙasa mai duhu da mai haske, da suka yi wa jiragen Jaguar da Mirage F1. Jiragen Jaguar ne suka taso daga Bangi, babban birnin Afirka ta Tsakiya, ranar 16 ga Fabrairu 1986 suka ragargaza titin jirgin Wadi Dum a arewacin Cadi, maƙwabciyarmu. Jirgin da ke tafiya dab da ƙasa, wanda ke samansa ƙasa yake gani a bayansa, don haka launin ƙasa ya kamace shi.

Da dare fa, ba baƙi ne ya fi ba?

Haka kowa yake zato, amma sararin dare ba baƙi ƙirin ba ne. Akwai hasken wata da taurari da fitilun gari, sai baƙin jirgi ya fito kamar inuwa. A yaƙin duniya na biyu an gano cewa baƙin fenti marar sheƙi yana yin fari-fari idan fitilar neman jirgi ta haska shi, shi ya sa aka yi wa jirgin dare na P-61 baƙi mai santsi da walƙiya.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne gwajin da aka yi na ɓoye jirgi da fitila, da rana tsaka. Komai farin fenti, jirgin da ke tahowa daga nesa ɗigo ne mai duhu, domin sama ta fi shi haske. Sai Amurkawa suka jera fitilu a gaban fikafikan jirgin Avenger da kewayen hancinsa, suka daidaita haskensu da na sama. Jirgin da ake hangowa daga kusan kilomita 19, sai da ya zo ƙasa da kilomita 3 aka gan shi. Ba a kai ga amfani da dabarar a fagen fama ba, domin na'urar rada ta riga ta karɓe aikin hange.

Idan ɓuya ake nema, me ya kawo ratsin baƙi da fari da muke gani a tsofaffin hotuna?

Domin wanda ya ɓuya wa abokin gaba ya ɓuya wa ɗan uwansa. A watan Yuli 1943, lokacin mamayar tsibirin Sisili na Italiya a yaƙin duniya na biyu, dakarun ƙawance, wato Amurka da Ingila da abokansu, sun harbo jiragensu na jigila guda 23 da hannunsu cikin dare ɗaya, suna zaton na Jamus ne. Saboda haka da dakarun ƙawancen suka zo sauka a gaɓar Normandi ta Faransa ranar 6 ga Yuni 1944, sai aka yi wa jirage ratsi biyar a fikafikai da jiki, fari uku baƙi biyu, aka ce duk mai wannan alama namu ne. Tun 1942 ma Amurka ta cire jan ɗigon da ke tsakiyar tauraron tambarinta, don kada a ɗauke shi jar ranar da ke tambarin jiragen Japan.

Wannan matsala ba ta tsufa ba. Ranar 14 ga Afrilu 1994, a arewacin Iraƙi, jiragen F-15 biyu na Amurka suka kalli jirage masu saukar ungulu guda biyu na ƙasarsu, suka ɗauke su ƙirar Rasha na sojan Iraƙi, suka harbo su. Mutum 26 suka rasu. Duk lokacin da na tuna wannan sai jikina ya yi sanyi, domin ƙwararru ne, da rana ne, kuma sun matsa sun duba da ido.

Akwai kuma masu son a gan su da gangan. Manfred von Richthofen na Jamus, wanda ya kakkaɓo jirage 80 kafin a kashe shi a Afrilu 1918, ja wur ya yi wa jirginsa, don yaransa su san inda jagora yake, abokan gaba kuma gabansu ya faɗi.

Bakin kifi mai haƙora da ake zanawa a hancin jirgi, shi ma yaudara ce?

A'a. Ado ne da ƙarfafa zuciya, kamar kirari da kwalliyar doki ranar hawan salla. Wata rundunar Ingila ta yi suna da shi a Arewacin Afirka a 1941, kuma har yau ana ganinsa a wasu jiragen A-10.

Malam, wannan ba ha'inci ba ne? Me doka ta ce?

Wani dattijo a fadarmu ne ya yi wannan tambaya, kuma na ji daɗinta. Hausawa sun ce yaƙi ɗan zamba ne, kuma ya tabbata a hadisi cewa yaƙi dabara ce ta yaudara. Amma malamai sun raba tsakanin dabara da cin amana: ba a ba mutum aminci sannan a kashe shi. Dokar yaƙi ta duniya ma a kan wannan layi ta tsaya. Ƙarin yarjejeniyar Janeba na 1977, a sashe na 37, ya halatta dabaru irin su ɓad-da-kama da kafa abubuwan bogi da yaɗa labarin da zai ɓatar da abokin gaba. Abin da ya haramta shi ne ka sa ya amince cewa doka ta kare ka, sannan ka cuce shi: ka yi kamar ka miƙa wuya, ko ka fake da alamar masu agajin jinya. Sashe na 39 kuma ya hana kai hari da tuta ko tambarin abokin gaba. Rumfar ƙarya dai halas ce. Manna wa jirginka tambarin wata ƙasa ka je ka yi ruwan wuta, wannan laifi ne.

Kada a ruɗe da jiragen Amurka da ake gani da fenti irin na Rasha. Na horo ne, a sansanin Nellis da ke jihar Nebada, inda ake atisayen Red Flag tun 1975. Su ne ke taka rawar abokin gaba, don idon sababbin matuƙa ya saba da kamanninsa.

Yanzu da akwai rada da makamai masu linzami, fenti bai zama tsohon yayi ba?

Darajarsa ta ragu, ba na musu. Makamin da ke bin zafin injin, ko wanda rada ke jagoranta daga tazarar kilomita masu yawa, bai damu da rumfa ɗaya ko biyu ba. Kuma ko a da, fenti ba ya gyara abin da injin ya ɓata: jirgin F-4 a yaƙin Biyetnam baƙin hayaƙi yake ja a bayansa, ana hango shi tun daga nesa.

Amma sau da yawa ba a ba matuƙi izinin harbi sai ya tabbatar da ido ko wane ne, kuma da an matso kusa an koma gidan jiya. Ban da haka, fentin ya canza aiki. Akwai wanda ake haɗawa da ƙwayoyin ƙarfe don ya shanye wani kaso na igiyar rada, irin wanda aka yi wa jiragen SR-71 da F-117 na Amurka. Akwai wanda ke rage ƙyallin zafin rana. Yanzu kuma akwai sabon idon da ake son ruɗawa, wato na'urar ɗaukar hoto da kwamfutar da ke tantance siffa. A 2023, hotunan tauraron ɗan Adam sun nuna Rasha ta zana siffar manyan jiragenta da fenti a kan daɓen sansanin Engels, ta kuma jera tayoyin mota a kan fikafikan na gaskiya, saboda hare-haren jirage marasa matuƙi na Yukren. Zanen ƙasa dai ba shi da inuwa, kuma ta nan masu nazarin hoto suke gane shi.

To mu nan Nijar, wanne ya shafe mu?

Sojan samanmu sun samu jiragen Su-25 guda biyu daga Yukren a 2013, jirage marasa matuƙi na Bayraktar TB2 daga Turkiyya a 2022, ga kuma C-130 na jigila. Tambarinmu da'ira ce: kore a waje, fari a tsakiya, ruwan goro a ciki, launukan tutar ƙasa. Aikin waɗannan jirage a yankin Difa ko Tillaberi ba fafatawa da wani jirgi ba ne, domin masu tada ƙayar baya ba su da jiragen yaƙi. Haɗarin daga ƙasa yake tasowa, daga bindigar da aka girka a bayan mota. Ko a nan rumfar ƙarya tana da abin faɗa, shi ya sa A-10, wanda aikinsa ɗaya da Su-25, yake ɗauke da ita: mai bindiga a ƙasa ba jirgin yake saita ba, inda jirgin zai kai yake saitawa, kuma idan ya kasa sanin ta ina zai juya, harsashinsa iska zai ci.

A ganina, abin da ya fi wahala a ƙasarmu shi ne launi ɗaya ba ya isar shekara. Daga Maris zuwa Mayu ƙasa ja ce fayau. A Agusta gonakin gero daga Mirya har Magarya kore shar suke. Daga Disamba hazo ya mai da komai toka. Ga rana da rairayi da ke cin fenti, har mai duhu ya koɗe cikin ƴan shekaru, kamar yadda duk mai fentin mota a garin nan zai gaya maka. Idan jirgi ya ratsa ta saman Damagaram a cikin hunturu, ka lura da kyau: ƙararsa za ka fara ji, ka ɗaga kai inda ƙarar take ba ka ga komai ba, domin ya riga ya yi gaba. Sai ya kishingiɗa zai sauka, rana ta bugi gilashin rumfarsa ta yi wal, sannan idonka ya kama shi.